Ranar da Katifun Kumagai Suka Shiga Tsere

Shekara goma sha tara ke nan ina zuwa na biyu daga ƙarshe a ƙungiyarmu ta tseren motoci, kuma ko sau ɗaya ban taɓa jin kunya ba, domin duk lokacin da na waiwaya akwai Kumagai a bayana. Mutumin da ya rufa maka asiri irin haka, dole ka so shi ko yaya surutunsa yake.

Mu dai ba wasu manyan 'yan tsere ba ne. Idan ƙanƙara ta narke, filin ajiye motocin masu wasan sulɓi a kan ƙanƙara da ke kan dutse ya zama fayau, sai mu are shi ranar Lahadi, mu jera jajayen robobin nan masu tsini, kowa ya shiga shi kaɗai ya zagaya su agogo na ƙirga masa. Ka taɓa roba, a ƙara maka sakan biyar. Ka ɓata hanya, an soke gudun. Gudu biyu kowa yake yi, a ɗauki wanda ya fi kyau. Motocin kuwa rukuni-rukuni ne, kowane rukuni da kofinsa, don kada mai ƙaramin inji ya kara da mai babba.

To wannan rabon rukunin shi ne ciwon Kumagai. Sana'arsa ɗinkin katifun auduga, shagonsa na manne da nawa na aski, saboda haka babu ƙorafinsa da ban sha ba. Yana da wata tsohuwar jar mota da yake gogewa fiye da yadda yake wanke fuskarsa. Da aka sa shi rukunin ƙananan injuna ya zo na ƙarshe, ya ce samarin rukunin ba su da tumbi, zalunci ne. Aka mai da shi rukunin motocin da ba a taɓa musu komai ba, ya zo na ƙarshe, ya ce tayoyin mutane sun fi nasa faɗi. Aka kai shi rukunin dattawa, nan ma ya ce wasunsu sun yi ritaya, suna da lokacin gwaji. Shugabanmu, Likita Shiozawa mai cire haƙori, har durowa guda ya ware wa wasiƙunsa. Ya taɓa gaya mini Kumagai ne mutum ɗaya tak da ya iya ƙorafi da ƙarfe biyu da auduga a cikin baki.

A shekararsa ta farko a ƙungiya ya sa aka ƙera masa akwatin gilashi a shago, har da ƙwan fitila a ciki, wai wurin ajiye kofi. Kowace safiya sai ya goge shi. Har zuwa ranar da zan ba ku labarinta, ko cokali bai taɓa shiga akwatin nan ba.

A farkon bazarar bara, ina tsaye a ƙofar shagonsu, matarsa Tokie ta ajiye almakashi ta dube shi.

"Baban yara, bana ne ƙarshe. Idan aka rufe fili kofi bai shigo gidan nan ba, a sayar da jar motar nan, ka bar ƙungiya, akwatin kuma in jera tulunana na jiƙon 'ya'yan itacen ume a ciki. Ushiyama-san, kai ne shaida."

"Kofi ɗaya kawai?" in ji Kumagai. "Haba uwar yara, ai kin yi mini sauƙi. Ki fara neman inda za ki sa na biyu."

Ni kuwa nan take na yi lissafi. Idan Kumagai ya tafi, kun san wanda zai gaji kujerarsa ta ƙarshe.

Aka yi wasa shida, ya zo na ƙarshe sau shida. Saura na rufe fili. Ran nan ya faɗo shagona da rana tsaka, ya zauna a kujerar aski ba tare da na ce ya zauna ba.

"Ushiyama, na gano matsalar. Ba tuƙina ba ne."

"Dama wa ya ce tuƙinka ne?"

"Babu rukunin da ya dace da ni, shi ke nan. Saboda haka zan ƙirƙiro shi. Rukunin motocin aiki! 'Yan ƙananan a-kori-kurar nan da kowa ke da su, kowa ya shigo da kayan sana'arsa a baya. Yanzu gaya mini, duk garin nan kayan wa suka fi nawa rashin nauyi?"

"Nawa. Almakashi da reza."

"Kai ba ka da a-kori-kura, rufe mini baki."

Ya kai maganar taron ƙungiya a benen mai taliya, da takarda rubuce da hannunsa. Doka ta ɗaya: kowace mota ta ɗauko abin da ta saba ɗauka kowace safiya idan za ta fita aiki, a ɗaure. Doka ta biyu: duk abin da ya faɗo daga kaya ya taɓa roba, laifin direba ne, kuma wanda bai iso da kayansa cif ba an soke gudunsa. Likita ya karanta, ya cire tabarau, ya ce ya yarda, amma tsohuwar ƙa'ida tana nan: sai mutum uku sun kammala gudu a rukuni kafin a ba da kofi.

"Uku? Ai ko talatin ne su zo," in ji Kumagai.

Ba talatin ya nemo ba, biyu ya zaɓo da kyau. Na farko tsoho Hoshina mai sassaƙa duwatsun kabari, ɗan shekara saba'in da huɗu, wanda kayansa ba sa ɗaguwa sai da ƙugiya. Ta biyu Miyasaka-san mai kiwon kaji, wadda ke raba ƙwai gida-gida. Ya yi musu alkawarin zai sake shiɓar audugar katifunsu kyauta. Da ya dawo yana ba ni labari, dariya har da riƙe ciki.

"Dutse da ƙwai, Ushiyama! Ɗaya ba zai iya gudu ba, ɗaya ba za ta yarda ta yi gudu ba. Ka ga amfanin ilimi?"

"Yaushe rabonka da tuƙa a-kori-kurar taku?"

Ya kawar da kai. Kowa a layinmu ya san Tokie ce ke tuƙa ta. Kullum da safe ita ke ɗauko shi daga gida ta sauke a shago, sannan ta hau ƙauyukan kan dutse kai kaya, ta hanyoyin nan na tsakanin gonakin shinkafa da ko keke sai ya yi hankali. Shi ya ce sitiyarin motar aiki yana ɓata hannun ɗan tsere.

Ranar wasa gari ya waye da iska. Kafin a fara, al'adarmu kowa ya taka hanyar da ƙafa, ya haddace inda za a bi. Muna tafe shiru kowa na lanƙwasa hannu yana tuƙa motar da ba a gani, shi kuwa Kumagai da baya-baya yake tafiya a gabanmu, yana koya wa tsoho Hoshina yadda ake shiga kwana. Sau biyu yana tuntuɓe da roba.

Motarsa kuwa abin kallo. Katifa goma sha biyu ya ɗora, sabbi ful, waɗanda masaukin baƙi na wurin maɓuɓɓugar ruwan zafi ya ba da aikinsu, za a kai ranar Litinin. Sun yi tsiri sun ninka motar tsawo. Igiya ɗaya tal ya zagaya musu.

"Kumagai-san, igiya ɗaya?" in ji Likita.

"Shugaba, igiya nauyi ce. Na cire safayar taya, na bar tampol a gida, ko karin kumallo ban yi ba. Kowane giram da lissafinsa."

Tokie tana can sama a rumfar shayi inda ta saba tsayawa duk ranar wasa tana zuba mana miya. Ta dubi tsirin katifun nan, ta dubi sama, ta ci gaba da yanka albasa.

Tsoho Hoshina ne ya fara, da wata ƙatuwar fitilar dutse ɗaure da sarƙa. Motar na nishi, shi yana gaishe da masu tsaron roba ɗaya bayan ɗaya ta taga. Minti ɗaya da sakan hamsin da takwas. Miyasaka-san ta biyo da kiret ashirin na ƙwai, tana lallaɓa kowace kwana kamar mai ɗauke da jariri. Minti ɗaya da hamsin da ɗaya, ko ƙwai ɗaya bai tsage ba.

Sai ga Kumagai. Ya daidaita hular kwano, ya ɗaga wa jama'a yatsa, aka saki tuta ya taka totur har ƙasa.

A lokacin ni ke tsaron roba a kwana ta uku, saboda haka a idona aka yi komai. Kwanar farko, tsirin ya karkata hagu. Ta biyu, ya dawo dama. A ta uku iska ta shiga ƙarƙashin katifar sama, ta ɗaga ta, ta buɗe ta shimfiɗe a sararin sama, mai zanen furanni ce, har na tsaya ina yaba ɗinkin. Ban ankara ba ta sauko a kaina. Kafin in fito daga ƙarƙashinta, 'yan uwanta sun bi sahu. Wata ta share roba huɗu a tafi ɗaya. Wata ta naɗe mai riƙe da tuta. Wata ta yi ta mirginawa har gindin rumfar agogo ta kwanta. Shi kuwa gogan bai san ana yi ba, abin da ya sani kawai motar na ƙara sauri, yana ta ihu a ciki yana yaba kansa.

Ya tsallake layi da katifa uku. Minti ɗaya da sakan ashirin da biyu.

Ya diro yana ɗaga hannu biyu. "Uwar yara! Kwashe tulunanki! Ushiyama, ka gani? Ina Ushiyama?"

"Ga ni nan," na ce, ina tahowa da katifa a ka.

Likita ya ɗauki lasifika, ya gyara murya. "Mota ta uku. Roba goma sha bakwai. Kaya tara ba su iso ba. Bisa doka ta biyu, an soke."

"Wace irin doka ce wannan? Wane azzalumi ne ya rubuta ta?"

Likita ya ɗaga takardar sama don kowa ya ga rubutun.

"To ai don ƙwai na rubuta ta!"

"Au, don ni ce?" in ji Miyasaka-san, ta riƙe ƙugu. "Ashe tarko ka haɗa mini, Kumagai-san? Ka zo har gida kana rusunawa, na ba ka shayi da wainar shinkafa!"

"Ba haka nake nufi ba. Iska ce! Lokacin da kuka yi gudu babu iska. A gaskiya kamata ya yi a raba rukunin biyu, masu iska da marasa iska."

"Kawo shi a rubuce," in ji Likita. "Akwai sauran wuri a durowa."

Muka tattaro katifun muka mayar masa. Aka tafi cin abinci, kowa ya buɗe ƙunshin shinkafarsa. Ko rabi ba mu ci ba hadari ya gangaro daga kan dutse, ruwa ya kece. Kowa ya ruga rumfa. Miyasaka-san ta ja leda ta rufe ƙwanta. Tsoho Hoshina ko motsi bai yi ba, ya ce dutsensa zai shekara ɗari uku a waje, yau ce kawai zai fara. Kumagai ya yi ta zagaya motarsa da 'yar lema, yana tare wa katifa goma sha biyu ruwa.

"Wa ke da tampol? Jama'a, tampol!"

"Tampol nauyi ne," wani ya amsa daga cikin rumfa.

Minti arba'in aka yi ana zuba shi. Duk wanda ya taɓa ɗaga jiƙaƙƙiyar auduga ya san sauran labarin. Da ruwa ya ɗauke, bayan motar ya zauna a kan tayoyi, gabanta ya ɗaga hanci sama, ruwa na tsiyaya ta kowane gefe. Tsoho Hoshina ya zagaya ta a hankali, ya ƙwanƙwasa katifar ƙasa da sandarsa.

"Yaro, ka fi ni kaya. Ko in ara maka ƙugiya?"

"Baba, ka zuba ido. Nauyin baya shi ke ba taya riƙo. Dama haka na tsara."

Wannan karon duk igiyar da ke filin sai da ya ara, har da ta rumfar shayi. Ya ɗaure katifun tamau. Abokan karawarsa suka sake gudunsu lafiya lau, aka zo kansa. Gudun ƙarshe na shekara, kuma kowa a filin ya san abin da ke kansa, domin shi da bakinsa ya bi mutane ɗaya-ɗaya ya ba su labarin sharaɗin Tokie.

Aka saki tuta. Motar ta yi tari, ta ja jiki. Kwanar farko ya murɗa sitiyari hagu, motar ta yi shawara da kanta ta wuce gaba. Ya ja birki, ya yi ribas, ya dawo. Daga nan hanyar ta ɓace masa, tunda da ƙeya ya haddace ta. Ya zagaya robar da ba a zagayawa, ya bar wadda ake zagayawa, muna ta nuna masa da hannu yana ɗaga mana hannu shi ma, ya ɗauka jinjina ce. Da ya iso inda ake juyawa da birkin hannu, ya fizge shi da ƙarfinsa duka. Motar ta juya kam, ta juya sosai, ta ci gaba da juyawa a kan jiƙaƙƙen fili, ta taho da baya a hankali, a hankali, har ta dangana da teburin alƙalai ta tsaya cak. Igiyar rumfar shayi ce ta fara tsinkewa. Katifun suka zame gaba ɗaya kamar bangon laka a damina, suka binne teburin da agogon da kwanon miyar Likita.

Sai ɗigar ruwa kake ji.

Likita ya zaro lasifika daga ƙarƙashin katifa, ya girgiza ta. "Mota ta uku, an soke. Mutum biyu ne suka kammala a wannan rukuni. Babu kofi."

"Babu me?" in ji tsoho Hoshina. "Tun asuba na ɗora dutsen nan! Na riga na gaya wa jikokina!"

"Kai da ka zo bayana ma kana magana? Ni fa na ci!" in ji Miyasaka-san. "Kumagai-san, fito ka yi mana bayani!"

Ya fito. Na jira in ji laifin wa ne wannan karon, ruwa ko igiya ko gwamnati. Ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji, ya rusuna wa tsohon, ya rusuna wa Miyasaka-san, ya juyo ga jama'a ya sunkuya sosai.

"Na ɓata muku rana. Na gode da haƙurin shekara goma sha tara."

A gaskiya tausayinsa ya kama ni. Ban taɓa ganin Kumagai ba tare da uzuri a bakinsa ba, kuma ban ji daɗin ganin ba ko kaɗan.

Sai ga Tokie ta gangaro daga rumfar shayi tana goge hannu a gyauton girki.

"Shugaba, mota ɗaya direba biyu, an hana?"

"Ba a hana ba. Amma sai ɗan ƙungiya."

"Duba rajistarka. Sunana na ƙarƙashin nasa tun ranar farko, kun ce sai da shi za a bar ni in kafa tukunya."

"Ba ki taka hanyar ba fa."

"Tun safe nake kallonta daga sama. Ta fi hanyar gidan Baba Hoshina faɗi sau uku."

"To kaya fa? Katifun nan ba za su sake hawa mota yau ba."

"Karanta mini doka ta ɗaya."

Likita ya karanta: abin da mota ta saba ɗauka kowace safiya idan za ta fita aiki, a ɗaure.

"To ai katifa ba kullum ba ce," in ji Tokie. "Wata rana matasai ne, wata rana barguna, wata rana ma babu komai. Abu ɗaya ne motar nan ba ta taɓa fita da safe ba tare da shi ba."

Kowa ya juya ya dubi Kumagai.

"A'a," ya ce. "A'a, a'a. Shugaba, wannan ba shi ne manufar dokar ba!"

"Kawo shi a rubuce," in ji Likita. "Masu goyon baya?"

Hannuna ne ya riga na kowa tashi, har da tsalle.

Aka tono agogon, aka zaunar da shi a kujerar gefe, aka ja masa bel. Tsoho Hoshina ya ce doka ta ce a ɗaure, ya ƙara masa igiya biyu da ƙullin masu dutse. Tokie ta ari hular kwano, ta ɗora a kan ɗankwalin girkinta, ta matso da kujera gaba.

"Uwar yara, saurara. Kwanar farko ki shiga daga waje, sannan ki..."

"Baban yara, katifa ba ta taɓa gaya mini inda zan bi ba."

Ba ta yi wani gudun a zo a gani ba. Taya bai yi ƙara ba, inji bai yi kuka ba. Ta dai bi ta tsakanin robobin nan sumul, tana wuce kowace da tazarar yatsa biyu, hannu ɗaya a sitiyari kamar mai zuwa kai matashi ƙauye. Abin da muke ji kawai muryar kayan, suna ihun "Birki! Birki!" tun daga farko har ƙarshe. Minti ɗaya da sakan talatin da huɗu, roba ko ɗaya ba ta motsa ba.

Likita ya je duba kaya kamar yadda doka ta ce. Ya leƙa ta taga.

"Buɗe baki." Kumagai ya buɗe. Likita ya ƙirga haƙora, ya ɗauki lasifika. "Kaya sun iso cif."

Ihun da aka yi a filin nan har kajin ƙauyen ƙasa sai da suka amsa. Miyasaka-san da aka ƙwace wa kofi ita ta fi kowa tafi, ta ce in dai ba shi ya ci ba ta yafe.

Sati biyu suka yi suna shanya auduga, masu masaukin baƙi kuma sai da Kumagai ya je ya rusuna musu sau uku. Amma kofi ya shigo gida, sharaɗi ya cika. Yana nan cikin akwatin gilashi, fitila na haska sunan Tokie a jikinsa. Duk wanda ya shigo sayen matashi sai Kumagai ya ja shi gaban akwatin ya yi masa bayanin cewa sirrin nasarar rabon nauyi ne, domin da bai san yadda ake karkata jiki a kwana ba, da ba a ci ba.

Wata safiya na tarar da Tokie tana jera tulunanta a ƙarƙashin matakala, inda suke tun da. Na ce mata ai da ta yi zamanta a rumfar shayi, da yanzu akwatin nata ne.

Ta ci gaba da goge murfin tulu.

"Shekara goma sha tara yana goge gilashin nan kowace safiya, Ushiyama-san. Idan ya sunkuya, fuskarsa kaɗai ke fitowa a ciki. Ita na gaji da gani."

Bazara ta zagayo, aka buɗe fili. Na zo na biyu daga ƙarshe. Na waiwaya, ga jar mota can tana tafe da roba maƙale a ƙarƙashinta, mai ita ya leƙo ta taga yana tambaya ko akwai mai biro a kusa.